Daddawar Kaka a Firizar Makaranta

Ranar da malaminmu ya shigo aji da wata 'yar kwalba mai tsawon ɗan yatsa, ya ce kowa ya sunsuna ya miƙa wa na kusa da shi, ni ne na uku a layi, kuma a wurina ta maƙale. Ƙamshin fure ne mai sanyi, irin turaren da dattawa ke shafawa ranar Juma'a. Sai da na bayana ya zungure ni sannan na sake ta. Malam ya bari ta gama zagaye, sannan ya ce mana ko fure ɗaya ba a tsinka ba wajen yin wannan turare. Yis ne ya yi shi, yis dai wanda matanmu ke kwaɓa fanke da shi. Masana sun ciro umarnin gadon da ke sa furen yin ƙamshi, suka dasa shi a jikin yis, suka ba shi ruwan sukari, shi kuma ya yi ta zubo turare. Ya ce haka ake samun wani filebon da ake sa wa kek, haka ake samun ƙamshin sandal ba tare da an sare itace ba.

Lokacin ina karatun digiri na biyu a kan ƙananan halittun da ido ba ya gani, kuma ni mutum ne mai rawar kai, ban iya jin abu ya burge ni in yi shiru ba. Zumbur na miƙe na ce, "Malam, to daddawa fa?"

Aji ya kwashe da dariya. Wani ɗan birni ya ce mutane na zancen turare, ɗan ƙauye na zancen wari. Na ce masa wanda bai taɓa cin miyar kuka da daddawar kakata ba bai isa ya yi mini bayanin ƙamshi ba. Malam shi kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya ce ai daddawa ma aikin irin waɗannan halittu ne, su ke cin kalwa su fitar da ƙamshin, kuma kafin mutum ya yi tunanin sauya wa halitta gado sai ya fara saninta tukuna. Ya ce in je in ɗebo. Wallahi ranar ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba, a raina har na gama gina kamfani na ɗauki ma'aikata.

Kakata ta wajen uwa tana zaune ne a wani ɗan ƙauye bayan Babban Duhu, a ƙasar Safana. Gajeruwa ce, mai kaifin baki, kuma tun ina cikin zane take kirana Maigida, ni kuma in ce mata Amarya. Sana'arta daddawa, ta gada wurin uwarta. Daddawa kowa na yi a yankin, amma tata daban ce, tana da wani ƙamshi mai zurfi kamar na soyayyar gyaɗa a ƙarƙashin ƙarfin nan da kowa ya sani. Ranar kasuwa mata ba sa tambayar ta wace ce, hanci ke kai su.

Na same ta ranar buɗe daddawa. Ga wanda bai sani ba, kalwa 'ya'yan ɗorawa ne, masu taurin tsiya. Sai an wuni ana dafa su, a surfa a turmi ɓawon ya fita, a wanke, a sake dafawa da 'yar kanwa, sannan a baza a kwando da ɗuminsu a lulluɓe, a bar su kwana uku a ɗaki. Kwandon Kaka ya girme ni, ya yi baƙi ƙirin, tsummokaran da take rufi da su kuwa ko mahaukaci ba zai ɗauka a bola ba. Ba ta wanke su da sabulu, shanyawa kawai take yi ta kaɗe.

Na sa safar hannu ta roba, na rufe hanci da ƙyalle, na fito da cokali da kwalabe. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Maigida, wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Amarya. Halittun da ke yi miki aiki na zo ɗauka, in kai su makaranta."

"Wace halitta? Ni kaɗai ka aikina. Shekara nawa ina yi, ko ƙuda bai taɓa kama mani ba."

Na ce mata suna nan dubbai a jikin kwandon da tsumman, ido ne ba ya ganinsu. Ta ce abin da ido bai gani kuma yana aiki ai sunansa aljani, kuma ita ba ta hulɗa da su. Na ɗebi daddawar da yauƙinta, na faki idonta na yanki gefen tsumma da almakashi. Da ta gani ta biyo ni da muciya har zaure, tana cewa namijin da aka kashe wa kuɗin boko ya ƙare a satar tsumma, Allah ya shirya.

A ɗakin gwaji na jiƙa su a ruwa, na shafa a faranti mai abincin da suke so, na rufe. Washegari farantin ya fito da ɗigo-ɗigo, wasu farare, wasu masu tamoji kamar fatar madara. Na sa a madubin ƙara girma na leƙa, sai ga su, 'yan sanduna-sanduna cike da fili, suna ta motsi. Na yi kabbara da ƙarfi har mai shara ta leƙo. Waɗannan ne ma'aikatan Kaka, waɗanda ta ce ba ta da su. Na ware su iri-iri, na kuma ajiye wani kaso a haɗe yadda na ɗebo shi, na zuba a ƙananan kwalabe na sa a can ƙasan firiza. Gaskiyar magana, ban taɓa kaiwa ga dasa gadon komai a jikin komai ba. Kayan aikin sun fi ƙarfinmu. Na rubuta abin da na gani, aka ba ni maki, kamfanin ya zauna a raina inda na gina shi.

Damina ta gaba ce abubuwa suka lalace a yankinmu. Ba zan tsaya ba da labarin ba, duk wanda ke da dangi a Batsari da Safana ya san shi. Ƙauyen ya watse a yini ɗaya. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya ɗauko Kaka a babur ya kawo ta gidansa a garin Batsari, daga ita sai zanen jikinta da carbi. Daga baya muka ji ɗakinta ya ƙone da duk abin da ke ciki.

Kawu mutum ne mai son uwarsa, ya so ya share mata hawaye. Ya saya mata manyan robobi sababbi fil, da buhuna masu tsabta, da kalwa tiya-tiya daga kasuwa. Matarsa kuma mace ce mai tsabta har ta yi yawa, ta wanke komai da omo ta ɗauraye. Kaka ta yi ta farko, kalwa ta ƙi nuna, ta zauna da taurinta. Ta yi ta biyu, ta ruɓe, aka zubar. Ta uku ta yi, kuma ita ce ta fi yi mata ciwo, domin daddawa ce irin ta kowa. Wata mata 'yar ƙauyensu da ita ma ta yi gudun hijira ta saya, ta dawo ta ce cikin ladabi, "Iya, halan wagga ba taki ba ce?"

Daga ranar Kaka ta kifa robobin. Ta ce hannunta ya mutu. A wurinsu haka abin yake, albarkar sana'a a hannu take, Allah ke sa ta, kuma in ya ɗauke to mutum ya fara shirin tafiya. Kawu ya kira ni a waya ya ce tsohuwa ta daina cin abincin kirki, kullum tana kwance ta juya wa ƙofa baya, ko tsokanar yara ta daina. Na ce a ba ta wayar. Na ce, "Amarya, ya gida?" Ta ce, "Lahiya lau, ɗana." Ba ta taɓa ce mini ɗana ba, kuma hankalina ya tashi ƙwarai.

Ina ajiye wayar firiza ta faɗo mini a rai. Da gudu na tafi, silifas ɗina ɗaya ya tsinke a hanya na ƙarasa da shi a hannu. Fiye da shekara ke nan, an ɗauke wuta ba adadi, janareto ya lalace an gyara, ɗalibai sun yi ta cusa kayansu. Na tono har ƙasa, yatsuna suka ƙage, sai ga kwalabena da rubutun hannuna a jiki. Na shafa a faranti, na yi addu'ar da ban taɓa yi wa jarrabawa ba. Da safe farantin ya cika. Suna raye! Na rungume mai gadi, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba.

Na sayi kalwa gwangwani ɗaya na gwada a ɗakin gwaji. Kwana uku, na ɗaga murfi, ɗaliban da ke wurin suka watse suna toshe hanci suna zagina, ni kuwa na tsaya a tsakar ɗaki ina shaƙa, domin tsakar gidan Kaka nake ji. Na raini halittun a ruwa har ya yi fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa, na cika wata kwalba mai murfi, na naɗe ta a rawani na sa a aljihun gaba. Daga tasha har Batsari hannuna na kanta.

Na same ta ta rame, idanunta sun faɗa. Na durƙusa na gaishe ta, aka yi ta lafiya lau, sannan na fito da kwalbar na yi mata bayani dalla-dalla. Na ce hannunta lafiyarsa ƙalau. Ma'aikatanta ne suka ƙone tare da kwando da tsumma, amma waɗanda na sato suna nan, ga jikokinsu a kwalba. Abin da za a yi, in an sauke kalwa ta sha iska kaɗan, sai a yayyafa ruwan a kai a juya a rufe. Na maimaita sau biyu.

Ta karɓi kwalbar ta ɗaga ta a haske. "Wanga ruwa shi za ya gyara?"

"Shi ne."

"To. Ba a hana yaro garma. Zan dahwa, don ka ji kunya ka bar ni in huta."

Ko a haka na ji daɗi, domin ta tashi zaune. Na ruga kasuwa na sayo kwandon kaba, na ce a yi haƙuri da robobin, matar Kawu ta ba mu wani tsohon zane. Aka wuni ana dafuwa, ni ne mai iza wuta, hayaƙi ya sa ni kuka maƙwabta na leƙe suna dariyar mai digiri a bakin murhu. Aka surfa, aka wanke. Washegari Juma'a aka ɗora dafuwa ta biyu. Na so a gama a gabana, amma kalwa ba ta san sauri ba. Ladan ya yi kira, Kawu ya tsaya a zaure yana buga ƙafa. Na ajiye kwalbar a gefen tabarmar Kaka na ce, "Kada a taɓa, yanzu zan dawo."

Wanda ya san Juma'a a gida ya san ba a dawowa yanzu. Bayan sallah Kawu ya ja ni gaisuwar wani dattijo, daga nan aka ce ga gidan da aka yi rasuwa ba mu je ba, daga nan wani abokin mahaifina ya riƙe hannuna ya ƙi saki yana tambayar kowa da kowa. Sai kusan La'asar muka shigo. Na tarar tukunya a kife, kwando a lulluɓe a kusurwar ɗaki an ɗora masa dutse, Kaka na zaune tana jan carbi. Kwalbata na gefe, wayam.

"Kin yayyafa?" na tambaya, ina murmushi.

"Na sha."

Na zaci tsokana ce. Matar Kawu ta sunkuyar da kai tana danne dariya, ta ce wallahi a gabanta aka yi. Kalwa ta nuna, ba za ta jira ba, Iya ta sauke. Sai ta ɗauki kwalbar ta fuskanci gabas, ta yi bisimilla ta kurɓa sau uku, ragowar ta zuba a tafi ta shafe hannuwanta har gwiwa, ta shafa fuska, yadda ake yi da rubutun sha. Sannan ta baza kalwarta ta rufe.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Sati biyu ina rainon abin nan kamar jinjiri, na ɗauko shi tun daga makaranta a ƙirjina. Na ɗaga murya a gaban kakata, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Haba Amarya! Ba na ce a kan kalwa ba? Sau biyu na faɗa!"

"Na jiya. Kurma nike?" Ko gezau ba ta yi ba. "Kalwa mi ta yi da za a ba ta magani? Lahiyatta lau, ga ta nan kamar ta bara. Ciwon ga jikina shike. Ka taɓa ganin anka yi wa mutum rubutu anka zuba ma turmi?"

Na ce to bari in buɗe in ga abin da za a iya cetowa. Ta ce in na taɓa zanen nan sai ta karya mini hannu, daddawa ba a leƙa ta sai ranarta. Na fita zaure ina huci, na kira malaminmu na zayyana masa. Ya yi dariya har sai da ya yi tari. Ya ce in kwantar da hankali, abin da ta sha ba zai yi mata komai ba, tun tana yarinya take cinsu a miya. Sannan ya ce, "Bayan ta shafa, ta wanke hannu kafin ta baza kalwar?"

Na leƙa na tambayi matar Kawu. Ta ce ina, wa ke wanke rubutu? Da jiƙaƙƙen hannun ta yi ta juya kalwar, tana bazawa tana dannawa.

Na koma kan waya na faɗa masa. Malam ya ce, "To me kake so kuma? Jira."

Ban taɓa ganin kwana uku masu tsawon waɗannan ba. Asabar da hantsi na lallaɓa na ɗora tafina a kan zanen, na ji ɗumi yana tasowa, ɗumin abu mai rai. Na yi tsalle na buga kai a ƙofa. Kaka ta ce a fitar mata da wannan mijin kafin ya rushe wa ɗanta gida. Amma na lura ita ma tana bi ta wajen, wai tana neman tsintsiya, tana jan hanci a ɓoye. Ran Lahadi ta sha fura rabin kwano ba tare da an roƙe ta ba. Ni kuwa na kasa zama, in shiga in fita, har Kawu ya ce in tafi ƙauyen Karare in gaida dangi ko gidan ya sarara. Na ƙi.

Litinin da safe ƙamshin ya riga mu tashi. Ya cika ɗakin, ya fito tsakar gida, ya haura katanga. Kaka ta yi alwala, ta ɗaure ɗankwali tamau, ta ɗauke dutsen ta yaye zanen. Kalwar ta yi duhu ta yi laushi, ta sa hannu ta ɗago, yauƙi ya biyo ta zare-zare. Ta kai hanci. Ta ɗanɗana a harshe. Mu duka muka zuba mata ido, har da Kawu da ya fasa fita gona.

Ta zauna a ƙasa daɓas. Hawaye ya gangaro mata. Ta ce, "Ita ce. Ta innata ce."

Matar Kawu ta rangaɗa guɗa. Ni ban san sanda na fara rawa ba, rawar da babu kiɗa babu fasali, ina ihu ina cewa sun yi, sun yi! Kafin a jima matan ƙauyensu da ke zaune a unguwar sun fara sallama ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya aika musu. Wadda ta taɓa cewa daddawar ba ta Kaka ba ce ta shigo ta tsaya bakin ƙofa ta rufe fuska da mayafi tana kuka. Kaka ta share ido ta daka mata tsawa ta ce in kuka ta zo yi ta koma gida, in aiki ta zo yi ga turmi can. Ta ce a kawo mata tuwon jiya da ya rage, yunwa take ji.

Aka kirɓa, aka cura, aka jera a tabarma a rana. Muna zaune a inuwa muna korar kaji, na ce mata yanzu dai ta yarda da ma'aikatana. Ta ce ita ba ta ga ma'aikaci ba, ta ga dai an kawo magani ta sha hannunta ya tashi, kuma da ta bi shawarata ta zuba wa kalwa da an yi asarar magani. Na bar ta a haka, tunda dai ta hannun nata abin ya bi. Na ce mata to kada dai a wanke wannan kwandon da zanen. Ta ce ji mai koya wa kaka cin tuwo.

Can ta dubi tabarmar. Sai ta ce, "Maigida, wanga abu, akwai saura can inda ka aje?"

Na ce akwai, a cikin ƙanƙara.

"Shina daɗewa?"

"In an kula da shi, zai fi ni da ke daɗewa."

Ta gyaɗa kai. Ta ɗauki curi ɗaya da bai gama bushewa ba, ta gyara masa baki da babban yatsa, ta mayar.

"To ka kula da shi. In Allah ya kawo lahiya munka koma, da kwandona zan tahi, ban buƙatar naka. In kuwa anka koma ba ni, kai za ka ɗauko shi ka kai gida, ka nemi wadda ka dahwa kalwa cikin matan garinmu ka ba ta. Ka ce mata ta sha ta shahwa."

Na ce to, Kaka.